Shin Ko Kun San? Zagin Bature Ma Yana Da Asali

Jama'a, ku matso kusa! Yau kasuwar raini muka shiga, amma ta Turawa. Ba ashar za mu kawo muku ba. Kalmomin ƙasƙanci ne, waɗanda ake jefa wa mutum don a rage masa tsawo. Abin mamakin shi ne, da yawansu 'ya'yan gidan mutunci ne. Baki ne ya yi ta jan su a ƙasa har suka lalace. Ga su nan, ku ƙirga.

Laifin manomi

Shin ko kun san mugun cikin fim, wanda 'yan kallo ke kira bos, Turawa kuma suke ce masa "villain", asalinsa manomi ne? Ƙwarai kuwa! A Latin "villa" gidan gona ne, "villanus" kuma mai yi wa gonar aiki. Kalmar ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1300. Masu ƙasa suka yi ta furta ta suna yatsina fuska. Sannu a hankali ma'aikacin gona ya zama mugu.

Ba shi kaɗai ba ne. "Boor", wato mutum marar ladabi, ɗan'uwan "boer" ne, kalmar mutanen Holan mai nufin manomi. E, Boer ɗin nan dai na Afirka ta Kudu, waɗanda suka gwabza yaƙi da Ingila daga 1899 zuwa 1902. Sunan nasu manoma kawai yake nufi.

Ku riƙe hularku. "Churl", wato gabjejen mutum mai baƙin hali, a tsohon Turanci talaka ne ɗa, wanda ba bawan kowa ba. Kuma tushensa ɗaya da sunan Karl na Jamusawa, wanda shi ne Charles. Sunan Sarkin Ingila na yanzu da wannan zagi, uwa ɗaya uba ɗaya!

Kada dai mu yi wa Turawa dariya da yawa. Mu ma muna da "baƙauye" da "bagidaje". Ga alama ɗan birni ko'ina yake, tuwon manomi yake ci, manomin kuma yake rainawa.

Masu albarka da suka koma wawaye

Shin ko kun san "silly", wato sakarai, da can mai albarka take nufi? Daga mai albarka ta koma marar laifi. Daga nan sai abin tausayi. Daga nan sai rarrauna. Ƙarshenta wawa. A Jamusanci 'yar'uwarta "selig" har gobe mai albarka ce.

"Nice" kuwa baya ta yi da tafiyar. Wajen 1300, in aka ce maka "nice" an zage ka ke nan, don ta fito ne daga Latin "nescius", wanda bai san komai ba. Yau da ita ake yabon mutumin kirki.

"Bully" fa, azzalumin yaron nan mai cin zalin na ƙasa da shi a makaranta? A shekarun 1530 masoyi take nufi. Da ita saurayi ke kiran budurwarsa, ita ma da ita take kiransa. Ku ji fa!

"Knave", ɗan damfara, yaro ne kawai a tsohon Turanci, sai ya zama bara, sai ya zama macuci. Jamusawa har yanzu "Knabe" suke ce wa yaro, ba tare da wani zargi ba.

Mata sun sha kashi

Shin ko kun san "hussy", mace marar kamun kai, gajeren "housewife" ce, wato matar gida? Uwargida sukutum! "Spinster" kuma mai kaɗin zare ce, sana'a mai daraja. Daga ƙarni na 17 ta zama sunan da doka ke kiran macen da ba ta yi aure ba, daga baya ta zama gorin tuzuruwa. Sai a Disambar 2005 aka daina rubuta ta a takardar aure a Ingila da Wales.

Ku lura da wannan. "Master" maigida ne, yana nan da girmansa. Takwararsa "mistress" ta gangara ta zama farka. "Governor" yana mulkin jiha. "Governess" tana renon 'ya'yan masu kuɗi. A 1977 wata masaniyar harshe a Amurka, Julia Stanley, ta tattara kalmomin Turanci 220 na aibanta mace da lalata. Na maza nawa ta samu? 20 kacal!

Wani abin ya fi wannan. A tsohuwar dokar Ingila, yawan masifa da tsegumi laifi ne mai suna, "common scold", kuma mata ake kamawa da shi. Hukuncin? A ɗaure mace a kujera, a tsoma ta cikin kogi. Ta ƙarshe da aka rubuta an yi wa haka, a garin Leominster ne, a 1809. Kujerar na nan ajiye a cocin garin. Laifin kuwa bai fita daga littafin doka ba sai 1967.

Sunayen da suka zama zagi

Shin ko kun san "dunce", daƙiƙin aji, sunan wani shehin malami ne? John Duns Scotus, ɗan Sikotilan, ya koyar a Oxford da Paris, ya rasu a Cologne a 1308. Zurfin tunaninsa ya sa ake masa laƙabi da malami mai kaifin basira. Bayan kimanin shekara 200, masu sabon ilimi suka tasa almajiransa a gaba, suna cewa sun ƙi ci gaba. Sunan Duns ya zama daƙiƙi. Har wata doguwar hular takarda mai tsini aka riƙa kifa wa yaron da ya kasa karatu, a tsayar da shi a lungun aji.

Namarudu fa? Wanda dai kuka sani. A Turancin da, "Nimrod" kirarin gwanin maharbi ne. A Amurka ta yau, in aka ce maka "nimrod" an ce maka gaɓo. Da yawa suna ɗora alhakin a kan zane mai motsi na kamfanin Warner, inda ake kiran wani maharbi marar sa'a da sunan cikin gatse. Yara ba su gane gatsen ba, suka ɗauka zagi ne.

"Tawdry", kayan ƙyale-ƙyale masu arha, sunan wata waliyyiyar Kirista ce, Saint Audrey ta garin Ely, wadda ta rasu a 679. A kasuwar bikinta ta shekara-shekara ana sayar da wani leshi na ɗaurawa a wuya. Leshin ya yi arha, ya zama na kowa. Aka guntule sunan waliyyiyar, ya zama sunan tarkace.

Wani kuma da ransa ya ga sunansa ya lalace. Vidkun Quisling ɗan siyasar Norway ne. Ranar 9 ga Afrilu 1940, da sojojin Hitler suka shiga ƙasarsa, ya hau rediyo ya ce shi ne shugaban gwamnati. Cikin watan Afrilun dai jaridar The Times ta Landan ta mai da sunansa kalma. Har yau "quisling" maci amanar ƙasa ne. An harbe shi a Oktobar 1945, amma sunan bai mutu ba.

Masu karanta jaridun Najeriya na Turanci sun saba da "vandals", ɓarayin wayar lantarki da masu fasa bututun mai. To, wata al'umma ce guda! Vandal sun kafa daula a Arewacin Afirka, hedikwatarsu Carthage, cikin Tunisiya ta yau. A shekarar 455 suka wawashe birnin Rum na tsawon mako biyu. Mako biyu, gori na sama da shekara 1,500!

"Thugs" kuma, da ake kiran 'yan bangar siyasa, daga Indiya suka zo. A harshen Hindi "thag" mazambaci ne. Turawan mulki suka laƙaba wa wasu gungun 'yan fashi masu shaƙe matafiya, waɗanda wani hafsa, William Sleeman, ya yi ta farauta a shekarun 1830.

"Snob", mai hura hanci, fa? A ƙarshen ƙarni na 18 baduku ne mai gyaran takalmi. Ɗaliban Cambridge suka riƙa kiran mutanen gari da ita. Daga nan ta koma kan talaka mai kwaikwayon manya. Yau tana nufin mai raina talaka. Kalmar ta tashi daga wanda ake rainawa ta koma kan mai rainin!

Zagin da likita ya rubuta

Shin ko kun san akwai zagin da aka san shekarar haihuwarsa da sunan ubansa? "Moron" ke nan. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Henry Goddard, ya ƙirƙire ta a 1910, yana aiki a Vineland ta jihar New Jersey. Ma'auni ne na asibiti mai hawa uku. Babba mai hankalin ɗan shekara 2 ko ƙasa, "idiot". Mai na ɗan shekara 3 zuwa 7, "imbecile". Mai na 8 zuwa 12, "moron". Duk ukun sun tsere daga asibiti sun faɗa bakin 'yan tasha.

Shi kansa "idiot", a Girka ta da, mutum ne mai harkar gabansa, wanda ba ya riƙe da muƙamin hukuma. Ke nan yawancinmu mun shiga!

Likitoci suka sauya kalma, suka koma "retarded". Ita ma ta zama zagi. A Oktobar 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar cire ta daga dokokin tarayya. Sunan wata yarinya 'yar shekara 9 daga jihar Maryland dokar ta ci, Dokar Rosa.

"Lunatic", mahaukaci, daga "luna" ne, wato farin wata, don an yi imani wata na tayar da taɓin hankali. A Disambar 2012 Majalisar Wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'ar goge ta daga doka. Sakamako: 398 da 1. Mutum ɗayan, Louie Gohmert na Texas, cewa ya yi a bar kalmar, akwai masu buƙatarta a Washington.

"Cretin" kuwa daga tsaunukan Alps ta gangaro, inda rashin sinadarin aidin ke haddasa maƙoƙo da tsumburewar yara. Masana da yawa sun ce asalinta "Kirista" ne a bakin mutanen yankin, wato tunatarwa cewa wannan ma ɗan Adam ne. Kalmar tausayi ta zama ta izgili. Cutar kuwa gishiri mai aidin ya kore ta, wanda Suwizalan ta fara sayarwa a 1922.

Wutsiya mai dafi

Shin ko kun san Turanci na da 'yan wutsiyoyin da in aka liƙa wa kalma sai ta zama raini? Ga "-ard": "drunkard" mashayi, "sluggard" malalaci, "dullard" dolo. "Coward", matsoraci, daga tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin wutsiya ya fito. Ku tuna yadda kare ke yi da tasa in ya ji tsoro.

Ga "-ling": "princeling" ɗan ƙaramin yarima marar ƙasa, "hireling" wanda kuɗi kaɗai ke juya shi, "underling" ɗan kanzagi. Ga kuma "-aster": "poetaster", mai ƙoƙarin waƙa ba baiwa. A 1601 Ben Jonson ya rubuta wasan kwaikwayo sukutum da wannan suna don ya muzanta abokan hamayyarsa biyu, John Marston da Thomas Dekker. Dekker ya rama da nasa wasan. 'Yan kallon Landan suka sha daɗi.

Ashe ma zambo a fada ba a ƙasar Hausa ya tsaya ba. A Sikotilan akwai "flyting", gasar zage-zage cikin waƙa. Wajen shekarar 1500, a zamanin Sarki James na 4, William Dunbar da Walter Kennedy suka yi wa juna wankin babban bargo cikin layi sama da 500.

Kai da ku

Wannan zai yi muku daɗi. Turanci ma ya taɓa bambanta "kai" da "ku". "Thou" na yaro ne da bara da aboki na kusa. "You" na manya ne da jama'a. Ce wa babba "thou" cin fuska ne. A Nuwambar 1603, a shari'ar Sir Walter Raleigh a Winchester, babban lauyan gwamnati Edward Coke ya kira shi maci amana, ya kuma faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa da gangan yake ce masa "thou". Kowa ya yi ta gudun ɓata wa wani rai, har "thou" ta ɓace daga maganar yau da kullum. Yau Bature ko kyanwarsa "ku" yake ce mata!

Sai "boy". Harafi uku, dafi buhu guda. A kudancin Amurka da ƙasashen da Turawa suka mulka, dattijo baƙar fata mai jikoki ma "boy" ne. Daga nan Hausa ta samu "boyi" da aikin "boyi-boyi". A 2006 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kalmar ita kaɗai tana iya zama shaidar wariyar launin fata a wurin aiki, gwargwadon yadda aka furta ta. Ɗan fim ɗin nan Mr. T kuwa ya ce ya ga ana kiran mahaifinsa da yayansa haka, shi ya sa ya zaɓi sunan da dole duk mai kiransa ya fara da "Mista".

A majalisa, a iya baki

Shin ko kun san a Majalisar Wakilan Birtaniya haramun ne ka ce wa ɗan'uwanka maƙaryaci, ko matsoraci, ko maci amana, ko ɓera, ko alade? Kakaki zai ce ka janye. In ka ƙi, waje. A Afrilun 2016 Dennis Skinner, yana da shekara 84, ya kira Firayim Minista David Cameron "Dodgy Dave", wato Dauda marar gaskiya. Aka ce ya janye. Ya maimaita. Aka kore shi na yinin. A Yulin 2021 Dawn Butler ta ce Boris Johnson ya yi ta sheƙa ƙarya. Ita ma waje.

Da yake an hana, sai aka koyi habaici. Tun 1906 Winston Churchill ya bar musu "terminological inexactitude", wato rashin daidaito wajen zaɓen kalma. Gaɓa 11 don kauce wa kalma mai gaɓa 1, wato "lie", ƙarya!

Amma kambin na New Zealand ne. A 1949 wani ɗan majalisa ya ce ƙwaƙwalwar abokin hamayyarsa za ta iya shekara dubu tana juyi cikin kwanson gyaɗa ba ta taɓa gefe ba. Maganar na cikin jerin kalaman da majalisar ta haramta.

Waɗanda suka ɗaura zagi a ka

Shin ko kun san "Tory", sunan da 'yan jam'iyyar Conservative ke amsawa, a harshen Ayalan ɗan fashi ne da ake nema ruwa a jallo? Wajen 1680 abokan gaba suka laƙaba musu. Su kuma suka rama da "Whig", sunan wasu 'yan tawayen karkarar Sikotilan. Kowa ya rungumi nasa.

Muƙamin "Prime Minister" ma gori ne! Da shi ake zargin Robert Walpole, wanda ya riƙe ragama daga 1721 zuwa 1742, cewa ya fi ƙarfin sauran ministoci. A 1741 ya tashi a majalisa ya musanta cewa shi ne. Yau kuwa shi tarihi ke kira Firayim Minista na farko.

A 1650 wani alƙali a garin Derby ya yi wa George Fox da mabiyansa ba'a da "Quakers", masu makyarkyata, don Fox ya ce masa ya yi rawar jiki in an ambaci kalmar Ubangiji. Sunan ya zauna. Iyalin Cadbury, da suka kafa kamfanin da ke yin Bournvita, 'yan wannan ɗarika ne. "Methodist" ma tsokanar ɗaliban Oxford ce ga John Wesley da abokansa, saboda komai nasu sai da tsari.

A 1906 jaridar Daily Mail ta kira mata masu neman 'yancin zaɓe "suffragettes". Wutsiyar "-ette" ta ƙanƙantarwa ce. Matan su Emmeline Pankhurst suka karɓe, har suka sa wa jaridarsu sunan a 1912. A 1918 mata masu shekara 30 zuwa sama da suka cika wasu sharuɗɗa suka samu ƙuri'a. A 1928 aka daidaita su da maza.

A Janairun 1976 jaridar sojan Tarayyar Sobiyat, Red Star, ta kira Margaret Thatcher mace mai jikin ƙarfe, "Iron Lady", don ta muzanta ta. Thatcher ta yi murna, ta mai da shi kirari. Bayan shekara uku ta hau mulki.

'Yan gaye, kun san kakanku? Guy Fawkes ne, wanda aka kama a Nuwambar 1605 da gangar albarushi 36 a ƙarƙashin majalisar Ingila. Duk shekara yara na ƙona mutum-mutuminsa na tsumma. "Guy" ta zama mai shigar ban dariya. Amurkawa suka wanke ta, ta zama kowane namiji. Ta iso nan ta zama gayu. Daga tsumma zuwa shadda!

Na zamaninmu

Shin ko kun san hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Birtaniya, Ofcom, tana auna zagi hawa-hawa, mai sauƙi, matsakaici da mai tsanani? Masu tsananin ba a sakin su a talabijin kafin ƙarfe 9 na dare. A bincikenta na 2021 sababbin shiga sun haɗa da "snowflake", mai saurin jin haushi, da "boomer", da "Karen".

Ba karen gida ba, sunan mace ne! A 1965 shi ne na 3 cikin sunayen da aka fi raɗa wa 'yan mata a Amurka. Yau yana nufin farar mace mai izza, mai neman a kira mata manaja. "Boomer" kuwa wanda aka haifa ne tsakanin 1946 da 1964. A Nuwambar 2019 wata 'yar majalisar New Zealand mai shekara 25, Chlöe Swarbrick, tana jawabi kan sauyin yanayi, wani ya katse ta. Ta ce masa "OK boomer", ta ci gaba abinta. Duniya ta ɗauka.

Kun taɓa jin an yi wa kalma jana'iza? A Yulin 2007 ƙungiyar NAACP ta baƙaƙen Amurka ta binne mummunar kalmar nan mai farawa da harafin N a birnin Detroit. Da akwatin gawa, dawakai na ja, jama'a na biye.

A Satumbar 2022 Amurka ta sauya sunan wurare kusan 650, tsaunuka da ƙoramu da kwaruruka, saboda suna ɗauke da "squaw", kalmar wulaƙanta matan 'yan asalin ƙasar. Deb Haaland ce ta ba da umarnin, 'yar asalin ƙasar ta farko da ta zama minista a can.

'Yan Scrabble ma abin ya shafe su. A 2020 ƙungiyar 'yan wasan ta Arewacin Amurka ta cire kalmomin ƙasƙanci sama da 200 daga jerin da ake gasa da shi. Wasan nan fa namu ne: Wellington Jighere na Najeriya ya zama zakaran duniya a Perth a 2015, ɗan Afirka na farko.

A Afirka ta Kudu kuwa kalma ɗaya na kai mutum kurkuku. Turawa sun ari "kafir" daga Larabci, suka mai da ita zagin duk wani baƙar fata, ko da liman ne. A Maris 2018 kotu ta yanke wa wata farar mata ɗaurin shekara 3, aka jingine 1, bayan ta furta ta sau 48 ga 'yan sandan da suka zo taimakonta.

Ingila kuma sassautawa ta yi. Sashe na 5 na dokar zaman lafiyar jama'a ta 1986 ya haramta kalaman cin fuska, har ana kama mutane kan abin da bai kai ya kawo ba. Aka yi gangamin neman gyara a 2012. Daga Fabrairun 2014 aka goge "insulting" daga sashen. Wa ke sahun gaba a gangamin? Rowan Atkinson. E, Mr. Bean, mutumin da ya yi suna a duniya ba ya ko buɗe baki sosai! Ku kai wannan majalisar shayi yau da daddare, ku ga ko akwai wanda zai yarda.